Daga Ƙwaryar Saƙa zuwa Takardar Yanka: Tarihin Ɗinkin Tufafi a Ƙasar Gwandu

Ɗinkin tufafi a ƙasar Gwandu, wadda ta haɗa da garin Gwandu da Kalgo da Birnin Kebbi da Jega a Jihar Kebbi ta yau, sana'a ce da ta daɗe tana tafiya ba tare da takardar yanka ba. Takardar yanka ita ce siririyar takardar nan da kamfanonin Amurka da Turai suke bugawa su sayar, mai ɗauke da siffar kowane ɓangare na riga, wadda mace za ta shimfiɗa a kan yadi ta bi gefenta da almakashi. A can, ita ce ta riƙe ɗinkin gida shekaru fiye da ɗari. A nan kuwa ba ta taɓa zama kayan kasuwa da kowa ya sani ba. Amma hakan ba ya nufin da ka ake ɗinki. Kowane zamani yana da abin da yake tsayar wa maɗinki da tsari: da farko faɗin ƙwaryar da masaƙi ya saƙa, sai alƙalamin mai zane, sai tsohuwar rigar da ake aika wa tela, sai hoton kalanda, yanzu kuma hoton da ke cikin waya.

Gwandu da darajar tufafi

Garin Gwandu ya shiga tarihi sosai a 1805, lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jama'arsa suka sauka a cikinsa bayan cin Birnin Kebbi. A 1812 Shehu ya raba kula da daular da ya kafa gida biyu, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas, ya ba ƙanensa Abdullahi yamma. Bayan rasuwar Shehu a 1817, Gwandu ta zama mazaunin Abdullahi har ya rasu a 1829, kuma daga nan zuriyarsa ta riƙa duba ƙasashen Nupe da Ilori da Yawuri, har zuwa Liptako a cikin Burkina Faso ta yau.

Tufafi na cikin abubuwan da aka yi jayayya a kansu tun kafin jihadin Shehu. A ƙarshen ƙarni na 18 Sarkin Gobir Nafata ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata yafa mayafi, domin da su ake gane almajiran Shehu. Da daula ta kafu, sai suturta jiki ya zama alamar addini da wayewa, buƙatar tufafi ta ƙaru a birni da ƙauye. A cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, Muhammadu Bello ya sa maɗinka da marina cikin masu sana'ar da ya wajaba shugaba ya kula da su. Shi kuwa Abdullahi, a cikin Tazyinul Waraƙati na 1813, ya koka da mutanen da suka bar manufar jihadi suka koma tara tufafin ƙawa da dawaki. Wannan ya nuna cewa tun a lokacin riga ta riga ta zama dukiya da ma'aunin matsayi.

A fada, riga da rawani da alkyabba su ne kayan naɗin sarauta, kuma da su sarki yake yi wa malami ko baƙo ko jarumi kyauta. Gaisuwar da sarakunan Nupe da Ilori suke aiko wa Gwandu ta ƙunshi riguna, don haka mafi kyawun aikin masaƙa da maɗinkan Bida yakan iso nan, maɗinkan gari su gani su kwaikwaya.

Auduga, zare da ƙwarya

Aikin riga daga hannun mata yake farawa. Su ne suke gurzar auduga a kan magurji su fid da angurya, su shiɓe ta, su yi sutu, sa'an nan su kaɗa zare da mazari suna dangwalar alli don kada yatsa ya yi santsi. Zare siriri mai ƙarfi shi ake yin wadari da shi, abawa mai kauri kuma ita ake sa wa a ƙoshiya. Kuɗin kaɗi na mace ne, da shi take yi wa 'ya'yanta kayan ɗaki.

Masaƙar maza ba ta ba da yadi mai faɗi. Abin da take fitarwa shi ne ƙwarya, doguwa siririya, daga faɗin yatsa biyu zuwa na tafin hannu, wadda ake naɗewa ta zama zugu. Akwai fari, akwai saƙi mai ɗigon baƙi da fari kamar jikin zabo, akwai barage mai ratsin jan alharinin da fatake suke kawowa daga Tarabulus ta hamada, akwai kuma tsamiya, wadda ake kaɗa zarenta daga saƙar wata tsutsa. Masaƙar mata a tsaye take cikin ɗaki, tana ba da ƙyalle mai faɗin kamu ɗaya ko fiye, wanda ake haɗa biyu ko uku ya zama zane ko gwado. Bayan saƙa sai marina, inda ake tura ƙyalle a baba, daga nan sai mabuga, inda ake buga shi da shuni har ya yi ƙyalli.

Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya sauka a Gwandu a watan Mayu na 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, lokacin da tawayen Kabawa da Yakubu Nabame ya tayar a 1849 ya hana hanyoyi zaman lafiya. Barth ya yaba ingancin saƙar garin, amma ya ce rininta bai kai na Kano da Nupe ƙyalli ba, ko da yake ana neman ta har Liptako. A waɗancan ƙasashe na yammacin Gwandu, a lokacin ƙwaryar fari kuɗi ce, da ita ake ciniki a kasuwa. Kasuwar Jega, wadda ta bunƙasa a ƙarshen ƙarnin, ita ce mahaɗar tufafin Kano da na Nupe da na gida, da fataken goro masu zuwa Gwanja.

Haɗa babbar riga

Tunda ƙwarya siririya ce, maɗinkin dauri ba ya fara da yanka siffa daga cikin babban ƙyalle. Da ƙirga yake farawa. Yakan auna tsawon mai riga daga kafaɗa zuwa inda ake so ta tsaya, da kamu da taƙi, ya ninka biyu saboda gaba da baya, sa'an nan ya yanke ƙwarya iri ɗaya gwargwadon yawan da faɗin rigar ke bukata. Sai ya jera su gefe da gefe ya haɗe da allura, ɗinki ƙanana a matse, har a rasa gane mahaɗa sai an duba da kyau. A tsakiya ake fid da wuya, a hagun ƙirji a ɗora babban aljihu, gefuna kuma a bar su buɗe, a haɗe su can ƙasa. Idan girke ce, wadda ƙasanta ke baza, sai a tsaga ƙwarya a karkace a cusa tsakanin sauran. A ƙarshe a yi wa bakin rigar shafi daga ciki, sau da yawa da jan ƙyalle, wanda yake leƙowa idan mutum ya naɗe hannun riga a kafaɗa.

Wannan tsari yana da fa'idodi uku. Ba a asarar ko taƙi ɗaya na abin da aka sha wuyar kaɗawa da saƙawa. Rigar ba ta bin jiki, saboda haka wadda aka ɗinka a Bida za ta yi wa mutumin Gwandu da maɗinkin bai taɓa gani ba, shi ya sa ta yi daɗin fatauci da kyauta da gado. Ilimin haɗa ta kuma lissafi ne da yaro yake haddacewa a gaban maigidansa. Haka ake haɗa gare da ƙore da taguwa, haka ma wando buje mai faɗin hantsa.

A wancan zamani allura ta maza ce. Da yawa daga maɗinka malamai ne da manyan almajirai, saboda sana'a ce da ake yi a zaune a zaure, ba ta hana karatu ko sauraron hadda.

Mai zane da mai surfani

Idan akwai abin da ya yi kama da takardar yanka a tsohuwar sana'ar Hausa, to aikin mai zane ne. Kafin a sa allurar ado a jikin riga, sai an kai ta wurin wanda ya iya zane, ya ɗauki alƙalamin kara da tawada ya fitar da fasalin a kan aljihu da wuya da baya. Shi ya san inda asake za su tsaya, ko aska biyu ko aska takwas, da inda tambari zai kewaya a dama da kuma baya, da inda gidan biyar zai zauna, da yadda linzami zai bi wuya. Ana biyansa ladan zanensa daban. Daga nan mai surfani ya karɓa ya bi layin da zaren tsamiya ko na auduga, yana cike wasu wurare, wasu kuma yana huda ƙananan ƙofofi yana ɗaure bakinsu ɗaya bayan ɗaya. Babbar riga mai cikakken aiki takan ci watanni.

Ke nan tun a ƙarni na 19 akwai rabuwa tsakanin mai fitar da fasali da mai aiwatarwa, kuma fasalin abin saye ne. Bambancin shi ne a jikin ƙyallen ake zana shi, ado yake tsarawa ba yanka ba, kuma ba a maimaita shi da inji. David Heathcote, wanda ya yi nazarin surfanin Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970, ya tattara irin waɗannan zane-zane da sunayensu.

Wannan al'ada tana nan da ranta a ɗinkin hula. Mai ɗinki yakan sayi farin ƙyallen da aka riga aka zana, ko ya kai wa mai zane ya fitar masa da biro, sa'an nan ya zaɓi launin zare ya cike. Matan aure da 'yan mata da yawa a ƙasar Hausa da wannan suke samun na kashewa ba tare da sun fita ba.

Tufafin mata kafin zuwan keke

Suturar mace a dauri ba ta bukatar almakashi sosai. Zane ne ake ɗaurawa, wani a yafa, a ɗaura fatala ko kallabi a ka, mai jego ta ƙara da majanyi. Ɗinkin da ke ciki bai wuce haɗa ƙwarya da kalmasa baki ba. Kyan tufa yana ga saƙa da rini da yawan zannuwan da mace ta tara a adudu. Riga mai hannu da wuya, wadda aka yanka daidai jikin mace, ta yaɗu ne a ƙarni na 20, bayan yadi mai faɗi da keken ɗinki sun wadata. Da zuwanta ne tambayar yadda za a yanka ta taso, tambayar da takardar yanka ta amsa a wasu ƙasashe.

Takardar yanka a Amurka da Turai

Rigar matan Turai ta ƙarni na 19 mai bin jiki ce, gutsattsarinta da yawa, kowanne da lanƙwasarsa. Kuskure kaɗan a yanka sai yadi ya lalace. Tela yana da tsada, gidaje da yawa kuma suna nesa da gari. Da keken ɗinki ya samu, bayan aikin Barthélemy Thimonnier a Faransa a 1830, da Elias Howe a 1846, da Isaac Singer a 1851, sai ɗinki ya yi sauri, yanka ya zama shi ne cikas. Kamfanin Singer ya fara sayar da keke a biya kaɗan-kaɗan a 1856, keke ya shiga gidajen masu ƙaramin ƙarfi.

A 1863 wani tela mai suna Ebenezer Butterick da matarsa Ellen, a garin Sterling na jihar Massachusetts, suka fara sayar da takardar yanka mai girma daban-daban, ta yadda kowa zai sami daidai shi. Da kayan yara maza da na maza suka fara, a 1866 suka shiga na mata. James McCall ya kafa nasa kamfanin a New York a 1870, mujallar Vogue ta fara sayar da nata a 1899, Simplicity ya fito a 1927 da masu araha. A Jamus, Aenne Burda ta fara mujallar Burda Moden a 1950, daga 1952 kuma ta riƙa sa takardun yanka a cikin kowace fitowa.

Tsarin kusan ɗaya ne har yau. Ambulan ne mai hoton rigar a gaba, a bayansa jadawalin awon ƙirji da ƙugu da mazaunai da yawan yadin da za a saya. A ciki akwai takardun da aka buga wa layin yanka, da kibiya mai nuna tsawon yadi, da alamomin inda gutsure zai haɗu da ɗan'uwansa, da inda za a tsuke, da rarar da ake bari don ɗinki, wadda galibi santimita ɗaya da rabi ce. Akwai kuma takardar bayani daki-daki. Abin ya karɓu ne saboda akwai gidan waya mai kai saƙo ko'ina, da mata masu karatu, da yayin da yake sauyawa kowace shekara.

Zuwan keke da yadin kanti

Turawan Ingila sun karɓi ƙasar Gwandu a 1903, a 1906 kuma mazaunin sarki ya koma Birnin Kebbi. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, amma bai taɓa zuwa Kebbi ba. Kayan kanti sun riƙa isowa ta Kwara da rassanta a jirgin ruwa da kwalekwale, da kuma bayan jakuna da raƙuma, daga baya a mota. Kamfanoni irin su John Holt da United Africa Company, wanda aka kafa a 1929, su suka cika kasuwa da akoko da alawayyo da atamfa, tare da zaren inji da allurai da almakasai da kekunan Singer, waɗanda ake ƙera da yawansu a Clydebank ta Sikotilan. A lokaci guda kuma ana sayen audugar manoma ana gurzawa a Gusau da Funtuwa don fitarwa waje, abin da ya sa masu kaɗi da masaƙa gasa da 'yan kamfani a kan audugar gonarsu.

Yadin kanti ya sauya aikin maɗinki. Abin da yake haɗawa daga ƙwarya masu yawa, yanzu ƙyalle ɗaya ne zai ninke ya yanka. Babbar riga ba ta sauya siffa ba, sai dai mahaɗanta sun ragu. Kaftani da jamfa da wando tsala suka yawaita, sabon mai sana'a ya bayyana, wato tela, mai keken hannu ko na ƙafa, wanda yake kafa kekensa a rumfa ran kasuwa ko a ƙofar gida. Masaƙa ba su ɓace nan take ba, domin saƙi da gwado sun daɗe suna da daraja a aure da sarauta, amma kasuwarsu ta yi ta raguwa.

Bayan haka masaƙun zamani suka buɗe a Arewa: Kaduna Textiles a 1957, sai United Nigerian Textiles a Kaduna da Zamfara Textiles a Gusau a tsakiyar shekarun 1960. Atamfar gida ta yi araha, ta shiga lefe da kayan Sallah, mai hali kuma ya sayi 'yar Holan ta kamfanin Vlisco. Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya kawo shadda da leshi da kekunan surfani. Kekunan Butterfly na Shanghai, da suka fi Singer sauƙin kuɗi, su suka kai ɗinki ƙauyuka da ɗakunan mata.

Makaranta da cibiyoyin mata

Ta hanyar makaranta takarda ta fara shiga ɗinki a wannan yanki. An buɗe makarantun 'yan mata na En'e a Kano da Katsina a 1930, Sakkwato da Birnin Kebbi suka biyo baya a cikin shekarun 1930, a 1939 kuma aka buɗe cibiyar horar da malamai mata a Sakkwato. Ɗinki da saƙa da tsabta da renon yara su ne ginshiƙin karatun. Malamai Turawa sun zo da hanyar da suka sani, ta aunawa da tef a zana a takarda a yanka. Amma ɗaliban kaɗan ne, yawancinsu 'ya'yan sarakuna da ma'aikatan En'e, kuma da wuri ake cire su a yi musu aure.

Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980, darasin tattalin gida ya samu gurbi a ƙaramar sakandare, ana koya wa ɗalibai fitar da fasalin riga a takarda mai ruwan ƙasa. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan 1986 ya sa gwamnati ta juya ga sana'ar hannu. Shirin Better Life na Maryam Babangida a 1987, da shirin tallafa wa iyali na Maryam Abacha a 1994, sun buɗe cibiyoyin mata a ƙananan hukumomi, ɗinki kuma shi ne kan gaba a abin da ake koyarwa. Bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, ma'aikata sun ƙaru a Birnin Kebbi, masu sayen ɗinki suka ƙaru. Wasu mata sun sami keke daga irin waɗannan shirye-shirye, wasu da adashi suka saya, wasu a kayan ɗaki aka kawo su da shi.

Yanka a cikin gida

Matar da take ɗinki a ɗakinta a Gwandu ko Dalijan ko Kalgo ko Diggi, ga yadda aikinta yake tafiya. Za a kawo mata turmin atamfa mai yadi shida. Ta fara fid da yadi biyu na zane, ta ware na kallabi, sauran na riga. Idan mai kayan ta zo da kanta, sai ta auna kafaɗa da ƙirji da ƙugu da mazaunai da tsawon riga da tsawon hannu da faɗinsa, ta rubuta a littafin awo, ta yanki ɗan ƙyalle ta maƙala a shafin don kada kaya su rikice. Idan ba ta zo ba, yarinya za ta kawo tsohuwar riga a leda da saƙon cewa a yi kamar wannan, a ɗan ƙara tsawo ko a saki hannu.

Sai ta shimfiɗa tabarma, ta ninke yadin gida huɗu, tana lura kada furen atamfar ya juya ƙasa ko ya rabu a tsakiyar ƙirji. Ta ɗora tsohuwar rigar a ninke a kai, ta bi gefenta da alli ko guntun sabulu, ta bar yatsa biyu na ɗinki. Wuya kullum ƙarami ake fara yanka shi, don ana iya ƙarawa amma ba a mayarwa. Hannu a ƙarshe ake fitar da shi, bayan an ga yadda hammata ta zauna. Ragowar ƙyalle ba a zubarwa, da shi ake yin rigar jariri ko a naɗe bakin wuya.

Kulle ya taimaka wajen kafuwar wannan hanya. Matar aure ba ta zuwa shagon tela namiji ya auna ta, don haka ko ta aika da samfur, ko ta nemi mace 'yar'uwarta. Ta haka allurar da take hannun maza a ƙarni na 19 ta zama babbar sana'ar mata a ƙarshen ƙarni na 20. Koyo kuma a gaban gwani ake yi. Mai koyo yakan fara da guga da sa maɓalli da kalmasa, ya wuce zuwa taka keke a miƙaƙƙen layi, sa'an nan haɗa riga. Yanka shi ne na ƙarshe, kuma ba a yaye kowa sai an ga almakashinsa ya zauna.

Dalilan da takarda ba ta kafu ba

Dalili na farko siffar tufafin ce. Zane da kallabi da hijabi da babbar riga da kaftani duk miƙaƙƙun layuka ne, awo kaɗan ya ishe su. Na biyu, tela yana kusa kuma ladansa bai fi ƙarfin talaka ba, saboda haka ba a matsa wa kowace mace ta ɗinka nata ba. Na uku, takardar da Turanci ko Jamusanci take zuwa, da hoton rigunan da ba su dace da suturar Musulmar Arewa ba, da awon da aka tsara don wasu mutane, kuma da kuɗin waje ake sayenta. Na huɗu, tsohuwar riga ta fi takarda kusa da gaskiya, domin ta riga ta zauna a jikin mai ita. Na biyar, ilimin yana wucewa daga hannu zuwa hannu, kuma gani ya kori ji.

Abin da aka saya daga waje shi ne hoto. Kalandun ɗinki da ake bugawa a Legas da wasu biranen kudu, masu jere da hotunan mata cikin salo iri-iri, sun mamaye bangon shaguna. Mai kaya ta nuna wanda take so, tela ya duba ya fitar da yankan daga kansa, ya ƙara tsawon hannu ya rufe wuya yadda ya dace da garin. Finafinan Hausa na Kano, tun daga shekarun 1990, su ma sun zama hanyar yaɗa yayi.

Halin da ake ciki yanzu

Masaƙun Arewa sun durƙushe: Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a 2007. Yawancin atamfar da ake ɗinkawa yanzu daga Sin take zuwa, ana sarinta a Kantin Kwari ta Kano, wata kuma ta shigo ta iyakar Nijar da Benin, tare da gwanjo. Kalgo tana kan mahaɗar hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega da wadda ta nufi Bunza da Kamba, kuma kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda harabarta ke yankin Kalgo, ya kawo ɗalibai da ma'aikata masu son sabon salo.

Waya ta gaji kalanda. Ana turo hoto ta WhatsApp ko a ɗauko daga Instagram da TikTok, matasan teloli kuma suna koyon yanka daga bidiyon YouTube, har da na Hausa. Surfanin kwamfuta ya karɓi yawancin aikin mai zane da mai allura a rigunan maza, ko da yake aikin hannu ya fi tsada da daraja. Rashin tsayayyar wutar lantarki ya sa keken ƙafa da dutsen guga na gawayi ba su bar aiki ba, musamman a watan azumi da lokacin bukukuwa, sa'ad da ɗinkin Sallah da anko suke taruwa.

Takarda ta sami gurbi a wuri biyu. Na farko wajen rigunan amare masu bin jiki, waɗanda leshinsu ke da tsadar da ba a yarda a yanka shi sai an gwada fasalin a takarda. Na biyu wajen ɗinki mai yawa iri ɗaya, kamar kayan makaranta da hijabai da dogayen rigunan sayarwa, inda tela yake yanka kwali na ƙarami da matsakaici da babba ya rataye a bango. A duka biyun, telan ne yake fitar da fasalin da hannunsa daga awon da ya ɗauka, ba daga kamfani yake sayensa ba.